Ra'ayinmu: Da Wane Sikeli Ake Auna Ƙarfin Makarantu a Gasar Ƙwallo?

Duk shekarar da aka shirya gasar ƙwallon ƙafa ta makarantun sakandare, da zarar an iso matakin sili-ɗaya-ƙwale, watau inda wanda aka cinye ya kan naɗe tabarmarsa ya koma gida, sai kowa ya zama alƙali. A teburin mai shayi a Musawa, da tashar mota a Malumfashi, da rumfunan kasuwa a Funtua, kai har da ɗakunan kwananmu a nan jami'a, za ka tarar an jera makarantu tun daga ta ɗaya har ta goma: wance ce a gaba, wance ke bi mata, wance kuwa ba ta ma kai a kira sunanta ba. A 'yan shekarun nan jerin ya kan bi ta wayoyin hannu, kafin gari ya waye ya zama magana tabbatacciya, alhali kuwa ba wanda zai iya gaya maka wanda ya tsara shi, balle abin da ya dogara da shi.

Mu ba mu ƙi musu ba. Musu shi ne gishirin ƙwallo, kuma yawancinmu ba mu daɗe da cire kayan makaranta ba, kowa da inda zuciyarsa ta karkata. Da a ce jerin nan a wurin mai shayi yake tsayawa, da ba mu ɓata takardar wannan mujalla a kansa ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, maganar da aka daɗe ana nanatawa a waje ta kan bi mutane har cikin ɗakin taro. Waɗanda za su zauna su raba wasanni, su ce wa zai kara da wa, a filin wa za a buga, wa za a ɗaga wa zagayen farko idan makarantun ba su cika cif ba, su ma 'yan gari ne, kunnuwansu sun sha jin cewa makaranta kaza ita ce gagara-badau. Haka nan wanda aka aiko ya zaɓi yaran da za su wakilci jiha, ba zai iya zuwa kowane fili ba, sai ya nufi inda aka ce masa can ƙarfi yake. To, a nan ne hirar dare ke zama hukunci a kan yaro ɗan shekara goma sha shida da ke Jikamshi ko Dangani, wanda ba a taɓa ganin wasansa ba.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne lalle a jera makarantu, domin gasa irin wannan ba ta yin adalci sai da jeri. Amma fa a jera su bisa sakamakon da aka rubuta, a kafe jerin a bainar jama'a kafin a jefa ƙuri'ar sili-ɗaya-ƙwale, kuma a tabbata waɗanda suka kawo sakamakon nan ɗaliban makarantar ne na haƙiƙa.

Masu jeri sun fi dogara da abu guda: wa ya ci kofi bara, wa aka fitar da wuri. Wannan kuwa shi ne mafi raunin shaida, kuma ɗan lissafi kaɗan ya isa ya nuna haka. A ce makarantu 16 suka shiga gasa. Wasa 15 za a buga kafin a ɗaga kofi. Makarantu 8, rabi ke nan, wasa ɗaya tak za su buga a shekarar, wasu 4 kuma wasa biyu. Ina hankalin da zai yarda a yanke wa yara goma sha ɗaya hukuncin shekara guda bisa abin da ya faru da la'asar ɗaya, wataƙila ma da bugun fenariti aka raba gardamar? A ce kuma akwai makarantar da ta fi kowa nesa ba kusa ba, har idan ta kara da kowace sau goma za ta ci bakwai. Kafin ta ɗauki kofi sai ta ci wasa huɗu a jere. Duk wanda bai manta da lissafinsa ba ya buga bakwai cikin goma sau huɗu, zai ga amsar ta tsaya a 24 cikin 100. Watau a cikin shekara huɗu, kusan uku wata ce dabam za ta tafi da kofin, ita kuwa wadda ta fi kowa ta koma gida ana ce mata ta lalace.

Akwai kuma ɓarnar da ƙuri'a ke yi idan an jefa ta ba tare da jeri ba. Idan aka zuba sunaye 16 a hula aka ɗiba, cikin hanya 15 akwai 7 da za su sa makarantu biyun da suka fi ƙarfi su faɗa ɓangare guda, su haɗu kafin wasan ƙarshe. Ɗaya za ta fitar da ɗaya, mai yiwuwa tun ranar farko, sa'an nan wata da ta sami hanya mai sauƙi ta kai wasan ƙarshe, a kira ta ta biyu a shiyya. Baɗi kuma a ɗauki wannan suna a ɗora a kan jerin baɗi. Haka kuskure ke haihuwar kuskure har ya zama tarihi.

Manyan duniya ma ba su tsira daga wannan ba. A 1990 Kamaru ta ci Ajantina ɗaya ba ko ɗaya a wasan buɗe gasar cin kofin duniya, lokacin Ajantina ke riƙe da kofin. A 2002 Senegal ta yi wa Faransa irin wannan aika-aika, ita ma tana riƙe da kofi. A 2022 Saudiyya ta ci Ajantina biyu da ɗaya, amma a ƙarshe Ajantinar ce ta tafi da kofin. Da a ce sili-ɗaya-ƙwale aka yi tun ranar farko, da Ajantina ta koma gida a 2022 ana yi mata dariya, masu jeri kuma su ajiye ta a ƙasan Saudiyya. Abin da ya cece ta shi ne an ba kowace ƙasa wasa uku a rukuni kafin a fara korar kowa. Idan ƙwararru masu albashi ana yi musu wannan uzuri, mun kasa gane dalilin da zai sa a hana shi ga 'yan makaranta.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta fara fitar da jerin ƙasashe a kai a kai tun 1993, kuma a watan Afrilu na 1994 Nijeriya ta kai matsayi na biyar. A 2018 ta sauya hanyar lissafinta, ta ɗauko tsarin da wani malamin kimiyya a Amurka, Arpad Elo, ya ƙirƙira domin masu darar Turawa, wanda hukumar darar ta duniya ta karɓa a 1970. Gundarin tsarin ba shi da wuyar fahimta: kowa yana da maki, wanda ya ci ya kan ƙwaci wani abu daga makin wanda ya cinye, kuma yawan abin da zai ƙwata ya danganta da ƙarfin abokin karawar. Ka ci babba ka sami da yawa, ka ci ƙarami ka sami kaɗan. Wannan jeri ma ana sukarsa, domin Beljiyam ta shafe shekaru daga 2018 zuwa 2022 tana kan gaba ba tare da ta ci wani babban kofi ba. Amma duk mai suka yana iya ɗaukar takarda ya bi lissafin da kansa ya ga inda makin ya fito. Iyayenmu da suka kai auduga kasuwa a zamanin hukumar cinikin auduga, kafin a rushe ta a 1986, sun san lamba ɗaya da lamba biyu, sun kuma san irin rigimar da ke tashi idan malamin awo ya juya wa manomi baya yana karanta sikeli shi kaɗai. Jerin da ke yawo a shiyyarmu ko sikelin ma ba a gani ba.

To, idan ba ƙarfi yake aunawa ba, me yake aunawa? A ganinmu yawanci girman gari yake aunawa, da tsufan suna, da yawan tsofaffin ɗalibai masu baki. Shiyyar Funtua ƙananan hukumomi 11 ce: Funtua, Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Faskari, Sabuwa, Ƙanƙara, Malumfashi, Ƙafur, Musawa da Matazu. Ba ɗaya suke ba wajen hanya, ko fili, ko yawan kulob-kulob na unguwa inda yaro zai goge. Makarantar kwana tana da yaranta a hannu, ana tashi daga aji a ci abinci a fita fili, malamin wasanni yana da su kowace yamma. Ɗan makarantar jeka-ka-dawo a Gingin ko Tabanni kuwa, ana tashi sai gona. Zangon farko na karatu ya kan faɗo daidai da kaka, lokacin karyar masara da cirar gyaɗa da yankan dawa da tsinkar auduga, kuma ba uban da zai saki hannu mai ƙarfi ya tafi atisaye alhali amfani yana kwance a gona. Zango na uku kuma ya kan zo da shuka da noman farko, ga jarrabawar fita a kan 'yan ajin ƙarshe. Idan aka sa wasa a waɗannan lokuta, makarantar ƙauye za ta fita fili da waɗanda ta samu, a ci ta, a rubuta cewa ba ta da ƙarfi. Wannan yaro da ya wuni yana ɗaukar dami, da za a ba shi wata guda na horo, da yawa daga cikin 'yan birni ba za su iya binsa da gudu ba.

Sai maganar hanya, wadda ba mai iya kauce mata. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, duk shugaban makarantar da aka ce ya zuba yara a mota ya kai su wani gari sai ya yi tunani sau biyu, kuma ba mu ga laifinsa ba. Wasan da aka fara da la'asar ba ya ƙarewa sai gab da magariba, sa'an nan a kama hanyar gida cikin duhu. Idan shugaba ya ce ba zai kai yaransa ba, dokar wasa ta ce a ba abokan karawa nasara a ɓagas. Wannan doka ba mu ce a soke ta ba, domin gasa ba za ta tsaya tana jiran kowa ba. Abin da muka ƙi shi ne a lissafa irin wannan nasara daidai da wadda aka yi gumi a kanta. A rubuta ta dabam, a rubuta dalili, kuma kada ta rage wa makarantar da ba ta zo ba ko maki ɗaya a jeri.

Yanzu sai babban gyambon, wanda kowa ya sani amma ba a so a taɓa: sojan haya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin wasan makarantu ya ga ɗan wasan da 'yan ajinsu ba su san sunansa ba, ko wanda ya gama makarantar shekaru uku da suka wuce amma ya aske gemu ya dawo ya sa riga. Ana yin haka ne daidai lokacin sili-ɗaya-ƙwale, domin a nan ne wasa ɗaya ke yanke komai, kuma a nan ne makarantar da aka ce ita ce ta ɗaya ke jin kunyar a fitar da ita. Jerin da ba shi da tushe shi ke ƙara wa wannan wuta mai, tun da suna ya riga ya tafi, dole a kare shi ko ta halin ƙaƙa. Makarantar da ke kusa da gari mai kulob-kulob ita ke da inda za ta aro, ta ƙauye kuwa ko ta so yin maguɗin ba ta da inda za ta samo. Yaron da ya yi atisaye zango guda sai ya zauna a benci yana kallon baƙo sanye da rigarsa, kuma darasin da ya koya ranar ya fi duk wanda aka koya masa a aji zama a zuciya.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. Ƙasar nan ta ci kofin duniya na matasa 'yan ƙasa da shekara 16 a 1985 a ƙasar Sin, inda ta doke Jamus ta Yamma biyu ba ko ɗaya, ta sake cin na 'yan ƙasa da 17 a 1993, da 2007, da 2013 a ƙarƙashin Manu Garba, da 2015. Amma a 1989 FIFA ta dakatar da mu shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin shekarun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma ƙwace gasar matasa ta 1991 da aka ba mu. A 2009, da aka yi gasar 'yan ƙasa da 17 a nan gida, har da Kano da Kaduna da Bauchi cikin garuruwan da aka buga, sai da aka kawo na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu domin tantance shekaru. Halin da ya kai mu ga wannan abin kunya a filin makaranta ake koyonsa. Mu kuwa ba mu buƙatar wata na'ura. Rajistar aji ta isa, da hoton ɗalibi, da sa hannun shugaban makaranta, a miƙa wa masu shirya gasa tun farkon zango, a ba kowace makaranta kwafin na abokan karawarta. Wanda sunansa ba ya cikin wannan takarda ba zai sa riga ba, ko da shi ne ya fi kowa iya tamaula a jihar.

Gasar makarantu tana da tarihi a ƙasar nan. An yi kofin shugabannin makarantu a Legas shekaru da dama, an yi kofin da kamfanin Shell ya ɗauki nauyi daga 1998, kuma a 2021 Gwamnatin Tarayya ta farfaɗo da kofin shugabannin makarantu na ƙasa, aka buɗe shi a Legas da wasa tsakanin Kwalejin Igbobi da Kwalejin Gwamnati ta Kaduna, wata makaranta daga Abuja, Fosla, ta ci kofin. Duk lokacin da aka shirya irin wannan gasa, kowace jiha sai ta fitar da zakaranta, kuma zakaran daga shiyya yake fitowa. Ke nan idan sikelin shiyya ya karkace, jihar Katsina ce za ta tura wanda bai cancanta ba, ta bar wanda ya cancanta yana tsinkar auduga a Tuge.

Abin da muke kira a yi ba ya buƙatar wani gini. A raba makarantun rukuni-rukuni bisa kusanci, na Musawa da Matazu su kara da na Malumfashi da kewaye, na Funtua da Bakori da Ɗanja su kara da juna, haka har a gama, domin kowa ya koma gida da rana tsaka. Makarantu 16 a rukuni huɗu wasa 24 ke nan, kowace ta sami uku. A ba mai nasara maki uku, kunnen doki maki ɗaya, a ƙara maki ɗaya ga wanda ya ci a filin abokin karawarsa ko ya ci wanda ke samansa a jeri. A haɗa da sakamakon shekaru biyun baya idan an tara shi. Takwas ɗin da suka fito a jera su, ta ɗaya ta kara da ta takwas, ta biyu da ta bakwai, yadda manyan biyu ba za su haɗu ba sai wasan ƙarshe. Jimilla wasa 31 maimakon 15. A kuma sa gasar a watannin Janairu da Fabrairu, bayan an kai amfani rumbu, kafin zafin bazara da jarrabawa, a duba watan azumi a kauce masa.

Za a ce ina kuɗin ninka wasanni. Tambaya ce mai kyau, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba, domin mun san yadda malamin wasanni ke bin shaguna yana roƙon kuɗin mota da na ruwan sha. Amma wasannin rukuni tsakanin maƙwabta ne, wasu ma da ƙafa ko a keke za a je, kuma abin da ke cin kuɗi shi ne doguwar tafiya, wadda wannan tsari ya rage ta zuwa wasa bakwai na ƙarshe. Za a kuma ce kafe jeri zai karya gwiwar na ƙasa. Ai yanzu ma ana jera su, a bayan idonsu, ba tare da an gaya musu abin da za su yi su hau ba. Makarantar da ta ga tana ta goma sha biyu da maki huɗu, ta san wasa biyu ne tsakaninta da ta takwas.

Maganarmu ta ƙarshe gare ku ce, 'yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aiki a ofisoshin ilmi na shiyya da na ƙananan hukumomi. Ku ma'aikata, fayilolin nan ta teburinku suke bi. Idan aka zo shirya gasa, ku nemi a buɗe littafi guda, mai bango mai ƙarfi, a riƙa rubuta kowane wasa a ciki: rana, fili, alƙalin wasa, ƙwallayen da aka ci, da sunayen waɗanda suka buga. Ku nemi a jefa ƙuri'a a gaban wakilan makarantu duka, a kafe sakamakonta a ƙofar ofis. Ba sai an jira umarni daga Katsina ba kafin a sayi littafi.

Mu ɗalibai kuwa, kusan kowace makaranta a shiyyar nan tana da tsohon ɗalibi a wannan jami'a. Wanda zai je hutu ya biya ta makarantarsu, ya gaida malamin wasanni, ya roƙe shi sakamakon wasannin da suka buga a shekaru biyun da suka wuce, da wa aka kara, nawa da nawa aka tashi, a filin wa. Ya rubuta, ya sa malamin ya sa hannu, ya kawo ofishin ƙungiya idan an dawo. Inda sakamakon makarantu biyu ya saɓa a kan wasa ɗaya, za mu buga duka biyun gefe da gefe. Wannan mujalla ta keɓe shafi guda domin jadawalin a fitowa ta gaba, kuma da ƙaramar hukumar Musawa za mu fara.